Labarin 'yan'uwa mata uku ya hana ni barci: in aika wa ƙanwata littafin?

Wata mai bibiyar wannan fili, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ta rubuto mana cewa:

"Na karanta wani ƙagaggen labari na mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya. A cikinsa, duk maganar da ɗaya ta haɗiye ta ƙi faɗa wa 'yar'uwarta sai ta zama tsakuwa a ƙarƙashin gadonta, har daɓen ɗakin ya fara lotsawa. Babbarsu ta rasu a tsakiyar littafin, amma kullum da yamma takan dawo ta zauna bakin ƙofa tana tsefe kai, ba wanda ya yi mamaki. Yau kwana goma da na rufe shi, kuka nake yi, barci kuwa sai dai ɓarawo. Ni da ƙanwata shekara huɗu ba ma magana, tun rigimar da muka yi kan jinyar mahaifiyarmu kafin ta rasu. Na rubuta mata dogon saƙo cikin dare, ban tura ba. Mijina ya ce labari ne kawai. Anya lafiyata ƙalau? Kuma in aika mata littafin, ko za ta ji abin da na ji?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya ba ku haƙurin rashinta. A cikin abin da kika bayyana ba mu ga alamar cewa wani abu ya taɓa hankalinki ba. Littafin kuwa kada ki aika, dogon saƙon nan ma kada ki tura, aƙalla ba yanzu ba. Muna so ki nemi ƙanwarki, ƙwarai kuwa, amma ta hanyar da za ta iya karɓa.

Mijinki bai yi ƙarya ba da ya ce labari ne, sai dai kukan ba na matan cikin littafin ba ne. Irin wannan salon rubutu, wanda ake saka abin al'ajabi a tsakiyar rayuwar yau da kullum, yana da yadda yake shammatar mai karatu. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita: da an ce "ga ta nan ga ta nanku" kin san an bar duniya, da an ce "ƙurunƙus" kin dawo. Wannan salon ba shi da ƙofa. Da muryar da marubuci ya ce an share ɗaki, da ita zai ce mamaciya ta zo ta zauna, kuma ba wanda zai zabura a cikin labarin, don haka ke ma ba ki samu wurin da za ki ja baya ki ce "wannan ai ƙarya ce" ba. Sunan salon, wato "magical realism" a Turance, ya samo asali ne daga wani Bajamushe mai sharhin zane-zane, Franz Roh, a 1925, daga baya marubutan Latin Amurka suka shahara da shi, musamman Gabriel García Márquez na Kolombiya wanda ya samu kyautar Nobel a 1982. Ƙarfinsa shi ne yana ɗaukar abin da mutum yake ji a ransa ya rasa yadda zai nuna, ya ba shi jiki da nauyi da wurin zama a cikin gida. Shekara huɗu kina ɗauke da shirun da ba shi da siffa. Marubucin ya ce miki tsakuwa ce, ga ta ƙarƙashin gado, tana lotsa daɓe. Wanda aka nuna masa abin da yake ɗauke da shi ƙuru-ƙuru dole ya yi kuka.

Ita kuma yayar da take dawowa bakin ƙofa, mu a ganinmu ita ta fi tsakuwar yi miki ciwo. A littafin mutuwa ba ta rufe magana ba, ana iya ci gaba da neman gafara da yamma. Ke kuwa kin gani da idonki a kan mahaifiyarki cewa a zahiri rufewa take yi. Saboda haka abu uku ne suka cakuɗe a hawayen nan: makokin uwa wanda rigima ta katse shi tun bai nuna ba, da kewar ƙanwa, da tsoron kada ɗayanku ta riga ɗaya tafiya ba ku shirya ba. Na biyun yana da wuyar sha'ani, domin wadda ake kewar tana raye, lambarta na cikin wayarki. Pauline Boss ta Jami'ar Minnesota ta fara nazarin irin wannan rashi tun shekarun 1970, rashin da ba a tabbatar da shi ba, ba gawa ba ta'aziyya, ta nuna cewa yana daskarar da baƙin ciki domin mutum bai san ko ya haƙura ko ya ci gaba da jira ba. Ba wanda ya zo ya yi miki gaisuwar rashin ƙanwa, ke ma wataƙila ba ki taɓa ba kanki izinin yi mata kuka ba sai da littafi ya ba ki dalili.

To me ya sa muka ce ki dakata? A shekarar 2000 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Melanie Green da Timothy Brock, suka gwada abin da ke faruwa idan labari ya tafi da mutum. Sun gano cewa gwargwadon nutsewar mai karatu a labari, gwargwadon yadda yake karɓar abin da labarin ya ginu a kai, yana kuma rage ganin kurakuransa, kuma gaya masa cewa ƙagagge ne bai canza hakan sosai ba. A yanzu kina cikin wannan hali. Littafin ya buɗe miki zukatan mata uku, kin san abin da kowace take nufi ko da ta faɗi akasinsa, kuma akwai marubuci a bayansu da ya tsara ranar da za su haɗu da kalmar da za ta narkar da kowa. Zuciyar ƙanwarki kuwa shekara huɗu rabonki da leƙa ta. Ita ba ta karanta komai ba, ba ta yi kwana goma tana kuka ba, tana nan inda kuka rabu ko ma ta yi gaba ta wata hanyar da ba ki sani ba.

Ki tambayi kanki tsakani da Allah: a cikin matan nan uku, wace ce ke, wace ce ita? Kusan kowa kan ba kansa mai haƙurin da aka zalunta, ya ba ɗan'uwansa mai kafiya. In haka kika raba, to littafin da za ki aika takardar ƙara ce a cikin bango mai kyau, kuma za ta gane hakan tun ba ta kai rabi ba. Ko da ba haka kika raba ba, kin ɗora mata aikin karanta ɗaruruwan shafuka kafin ta san abin da kike so, alhali jimla biyu za su isar. Sannan za ki zauna jiran ta ji abin da kika ji. Littafi ɗaya ba ya taɓa mutum biyu a wuri ɗaya. Tana iya cewa "ya yi daɗi" ta yi shiru, tana iya ajiye shi ba ta buɗe ba, ke kuma ki ɗauka ke ta ƙi. In Allah ya sa kun shirya, bayan wata da watanni, kya iya ba ta shi kamar kowane littafi, ba tare da kin jingina masa komai ba.

Saƙon dare kuwa kada ki goge shi, ki kwafe shi a takarda ki cire shi daga wayar, don kada yatsa ya riga hankali wani daren. Da rana tsaka ki karanta shi da biro a hannu. Ki ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta fara da "kin", ko "da kin", ko "ke ce". Ki zagaye duk inda aka ambaci wanda ya kwana a asibiti, wanda ya biya, wanda bai zo ba. Abin da ya rage ba layi ba zagaye, shi ne saƙon gaskiya, kuma za ki ga bai wuce layi uku ko huɗu ba. Rubutun mai ƙarancin barci yakan fara da kewa ya ƙare da lissafi, mai karɓa kuma lissafin kaɗai take gani.

Kafin komai ki gyara barcin, domin duk hukuncin da za ki yanke a kansa ya dogara. Ki fitar da littafin daga ɗakin kwana, ki daina komawa shafukan da suka sa ki kuka da daddare. Ki tsayar da lokacin tashi guda, ko kin yi barci ko ba ki yi ba. In kin kwanta kamar minti ashirin ido biyu, ki tashi ki zauna a wuri mai ƙarancin haske ba waya a hannu, sai barci ya zo ki koma. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Kukan kuma kada ki danne shi, ki ba shi lokacinsa da rana.

Daga nan sai rubutu na kwana huɗu. Wannan hanya James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam, ne ya fara gwada ta a 1986: mutum ya rubuta abin da ke ci masa rai da yadda yake ji game da shi, minti goma sha biyar zuwa ashirin, kwana huɗu a jere, ba tsayawa gyaran rubutu, ba nuna wa kowa. Amfaninta matsakaici ne, ba ta maye gurbin likita, amma tana taimaka wa mutane da yawa su warware abin da ya cukurkuɗe. Ki sani cewa bayan kowane zama za ki iya jin nauyi ya ƙaru na awa ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a yi dab da kwanciya. In kika ji abin ya fi ƙarfinki, ki ajiye biro ki fita ki sha iska.

Ga yadda muke ba ki shawarar raba kwanakin. Rana ta farko ki ɗauki wuri ɗaya tak a littafin da ya fi karya miki zuciya, ki rubuta abin da ya faru a wurin, sannan ki rubuta wace rana ce a rayuwarki ya tuna miki, wa ke tsaye a ina, me aka faɗa. Rana ta biyu ki rubuta watannin jinya yadda kika gan su, da duk fushinki, kada ki rage. Rana ta uku ita ce mai wuya, ita ce kuma mai amfani: ki sake rubuta watannin nan da bakin ƙanwarki, kina cewa "ni" a madadinta. Tun 1987 Robert Plomin da Denise Daniels suka jawo hankalin masana kan cewa 'ya'yan gida ɗaya ba rayuwa ɗaya suke yi a cikinsa ba. Kowa da uwar da ya sani, da matsayinsa, da abin da aka ɗora masa. A jinyar iyaye wannan bambanci yakan fito fili. Wadda take kusa tana ƙirga dararen da ta kwana a zaune, da wankin da ta yi, da faɗan mara lafiya da ta shanye. Wadda take nesa tana ƙirga kuɗin da ta turo, da hanyar da ta sha, da shawarwarin da aka yanke ba a tambaye ta ba, da ranar da ta iso aka yi mata kallon baƙuwa a gaban uwarta. Kowace lissafinta gaskiya ne, kuma kowace ba ta ga na ɗayar ba. In kika gama shafin rana ta uku ƙanwarki ta fito a muguwa zalla, ba ki rubuta da bakinta ba tukuna, ki sake gobe.

Rana ta huɗu ki amsa tambaya ɗaya: me kike so takamaimai? Ta ba ki haƙuri? Ki ji muryarta? 'Ya'yanku su san juna? Ku koma yadda kuke a da? Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma na farko da na ƙarshe su ne suka fi kashe sulhu. Karl Pillemer na Jami'ar Cornell ya wallafa bincike a 2020 inda kashi 27 cikin ɗari na Amurkawan da aka tambaya suka ce akwai wani ɗan'uwa da suka yanke hulɗa da shi. Ya kuma zanta da mutum ɗari da suka shirya bayan gaba, abin da ya yi ta maimaituwa a bakinsu shi ne sun haƙura da sai ɗayan ya yarda da nasu labarin na abin da ya faru, sun haƙura da jiran ban-haƙuri, suka gina a kan yau. Wannan yana da ɗaci, mun sani, musamman in ke kika fi shan wahalar jinyar. Amma in sharaɗinki shi ne ta ce ke ce mai gaskiya, gara ki san haka tun yanzu, ki ƙara wa kanki lokaci.

Bayan mako biyu, in barci ya daidaita kuma har yanzu kina son nemanta, ki tura gajeren saƙo a rubuce, da rana, gare ta ita kaɗai. Kiran waya yana riskar mutum ba shiri, ya faɗi abin da bai yi niyya ba, rubutu kuwa yana ba ta damar karantawa sau biyar kafin ta amsa. Zauren dangi na waya ba wurin wannan ba ne, a gaban jama'a kowa mutuncinsa yake karewa. Saƙon ya yi kama da haka: "Salamu alaikum. Kina raina ƙwarai kwanakin nan. Maganar da na faɗa miki ranar nan a asibiti ba ta dace ba, ki yafe mini. Ba sai kin amsa yanzu ba, duk ranar da kika so mu gaisa ina nan." Ki lura abu ɗaya aka ambata, naki, wanda kika tabbata kin yi. Kada "amma" ta biyo bayansa, domin tana shafe duk abin da ya gabace ta. Kada ki ce "in na ɓata miki", wannan yana nufin ba ki yarda kin ɓata ba. Kada kuma ki ce "da mahaifiyarmu na raye da ba ta so haka ba". Gaskiya ce, amma za ta ji kamar an ɗauko uwa an doke ta da ita. In ba ki da lambarta ko ta toshe ki, ki nemi mutum ɗaya da ku duka kuke ganin girmansa, aikinsa kawai ya tambaye ta ko za ta karɓi saƙo daga gare ki. Kada ki sa shi alƙalanci, kada kuma ki aika mutum uku, za ta ji an yi mata taron dangi.

In ta amsa da taushi, alhamdu lillahi, amma ki bi sannu. Gaisuwa ta 'yan makonni, sannan haɗuwa wadda ba ta kai awa ɗaya ba, a wurin da ba nan aka yi rigimar ba, kuma ba za a taɓo jinya a zaman farko ba. Masu shiri da yawa sun koma gidan jiya saboda sun zauna warware shekara huɗu a yini ɗaya.

In ta amsa da zafi, ta zazzage miki duk abin da ke cikinta, kada ki ɗauka an rufe ƙofa. Wadda ta zauna ta rubuta miki shafi guda na fushi ba ta cire ki daga ranta ba. Abin da ke ɓata lamari a nan shi ne ki bi maganganunta ɗaya bayan ɗaya kina kare kanki. Ki kwana a kai, washegari ki ce: "Na karanta duka. Ban san abin ya yi miki ciwo haka ba. Na gode da kika faɗa mini." Naki bayanin yana nan, ranarsa za ta zo in an samu zama.

In kuma shiru ne, kada ki bi ta da saƙo a kai a kai, kada ki zauna duba ko ta buɗe. Ki bar mako shida zuwa takwas, ki sake gaisuwa ta layi ɗaya ba ƙorafi. Bayan haka sau biyu ko uku a shekara ya isa. Shirunta yana iya zama tsoro, ko kunya, ko wani abin da take fama da shi wanda bai shafe ki ba, yana kuma iya zama ba ta shirya ba har abada. Wannan ba ya hannunki, ke dai kin sauke naki.

Duk wannan mun faɗe shi ne a kan cewa rigimarku ta gajiya ce da baƙin ciki da baƙar magana. In akwai abin da ba ki faɗa ba, kamar duka, ko cinye miki haƙƙi, ko ƙazafin da ya taɓa aurenki ko 'ya'yanki, to zumunci bai wajabta miki miƙa wuya a sake cutar da ke ba. Ana iya gaisawa da taimakon juna a lokacin buƙata ba tare da an mayar da amana da sirri da dukiya hannun da ya ci su ba, kuma ki faɗi iyakarki a fili tun farko.

Mijinki kuma ki daina kawo masa maganar ta ƙofar littafi, shi bai karanta ba, ba zai gane ba. Ki ce masa, "Ƙanwata nake kewa, mahaifiyata nake tunawa. Ba gyara nake nema ba, ka saurare ni na minti goma." Yawancin mutane sun fi iya amsa wannan.

Akwai iyakar da in an wuce ta sai likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana bayyana ciwon damuwa da cewa baƙin ciki ne ko rashin jin daɗin komai, mafi yawan yini, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, tare da abubuwa kamar lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, da yawan ganin laifin kai. Ke kina kwana na goma, don haka ki sa ido a kwanakin nan masu zuwa. In kukan yana zuwa yana wucewa, kina aikinki, kina dariya wani lokaci, wannan makoki ne da ya makara. In kuwa ya rufe komai, kin kasa kula da kanki ko yara, ki je asibiti ba tare da jiran sakamakon saƙo ba. Mafarkin mahaifiya, ko jin kamar tana kusa, ko jin kamar ta kira sunanki, abu ne da masu makoki da yawa suke fuskanta kuma shi kaɗai ba ciwo ba ne. Amma in murya ce mai tsoratarwa ko mai ba ki umarni, wannan na likita ne. Tunanin cewa gara ki mutu, ko ki cutar da kanki, ba ya jira ko na kwana ɗaya: ki faɗa wa mijinki ko wani na kusa a ranar, su raka ki asibiti. Idan kin je, ki gaya wa likitan yaushe abin ya fara, awa nawa kike barci, ko kina shan wani magani, da kuma cewa kin yi rashin uwa shekara huɗu da suka wuce kuma ba kwa magana da ƙanwarki tun lokacin.